Barakatu da Mai Karnuka

"Ni ban haifi 'yar da za ta kwana gida ɗaya da karnuka ba."

Malam Shitu ya faɗi haka yana tsaye a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ko takalmi bai cire ba. Daga gona yake, audugar da ya wuni yana tsinka ta manne masa a gefen riga.

Mahaifiyar tasa, wadda duk gidan ke kira Tsohuwa, ta ci gaba da kaɗinta kamar ba da ita ake ba. Sai da mazarin ya tsaya ta ɗago kai.

"To Shitu, ai ba karen ne ya ce yana son ta ba. Yaron ne."

"Iya, yaron da karen tafiyarsu ɗaya. Duk Malumfashi wa ke kiransa Sada yanzu? Mai Karnuka ake ce masa. Gidan da mala'ikun rahama ba sa shiga, can zan kai jinina?"

Barakatu tana daga cikin ɗakin tana ɓarar gyaɗa. Ba yarinya ba ce. Ta yi aure a Musawa, mijin ya rasu, ta gama takaba ta dawo gidan ubanta da 'yan awakinta. Damina biyu ke nan tana zawarci, masu so suna zuwa suna komawa, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi wani ba sai Sada.

Ta ajiye ƙwaryar ta fito ta durƙusa.

"Baba, don Allah a yi masa uzuri. Sana'a yake nema."

"Sana'a? Me ya sayar tun da ya fara?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ki ji ni da kyau," in ji Malam Shitu. "Ke bazawara ce, ba zan ɗaura miki aure da wanda ba kya so ba. Amma ni ma ba zan ba da ke inda raina bai kwanta ba. Alhaji Maiwada ya sake turo mini. Mutum ne mai mutunci, shi ke sayen audugar rabin garin nan. Na ce masa ya saurara sai an rufe kasuwar auduga. Daga nan kuma ba ni da bakin da zan ƙara ce masa ya jira."

Ya juya ya fita. Hawayen da take riƙewa suka gangaro.

Tsohuwa ta murza mazari a cinya ta ce, "Kuka ba ya korar kare, 'yar nan. Bari mijin nawa ya zo anjima, ki faɗa masa gaskiya komai ɗacinta."

* * *

Asalin abin daga Funtuwa ne. Sada ya yi shekaru yana aikin lambu a gidan wani Bature na kamfanin auduga. Da aka samu 'yancin kai Baturen ya tattara zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa wata ƙatuwar karya mai tsayayyun kunnuwa, irin wadda ba a saba gani ba. Ledi Baturen ke kiranta. Da Sada ya dawo da ita Malumfashi, wata maƙwabciyarsu mai suna Ladi ta rantse sai ta kai shi gaban alƙali, dole ya sake mata suna Kyalla saboda farin da ke goshinta.

Tun yana yaro Sada yake son kare. Da Kyalla ta haihu, sai dabara ta faɗo masa: ga masu kantuna suna kukan ɓarayi, ga manoma suna kukan birai da gyado. Me zai hana ya riƙa kiwo a gida yana sayarwa? Ya kewaye bayan ɗakinsa da dangar kara, ya ce ya kafa sana'a.

Haihuwar Kyalla ta biyu ke nan, kuma har yau ko jela ɗaya ba ta bar gidan ba.

Bayan la'asar ya zo zance. Ya jingine kekensa a bakin zaure, ya zauna nesa kaɗan da tabarmar Barakatu, fuskarsa cike da fara'a.

"Yau da kin ga ƙaramin nan mai jan kunne. Ya koyi kawo mini sanda in na jefa."

"Malam Sada."

Yadda ta kira sunan ya sa murmushinsa ya ɗauke.

"Jimoh mai kanti ya zo daga Funtuwa wancan makon neman kare. Me ya sa ya koma hannu rabbana?"

"Cewa ya yi zai riƙa ɗaure shi da sarƙa da rana. Barakatu, karen da ya saba yawo a sa masa sarƙa?"

"Manoman Ƙarfi fa da suka zo su uku?"

"Birai za su sa shi kora. Kin san yadda babban biri ke yaga cikin kare kuwa?"

"To wa za ka sayar wa? Wanda zai goya shi a baya?"

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"An ce har wani gurgun kare ka tsinto a bakin kasuwa ka ƙara a kansu."

"Yara ne ke jifansa..."

"Allah ya ba ka ladan tausayi. Amma rumbunka fa? Dawar da ka noma bana, rabinta ta tafi tuwon karnuka. Kullum kana wurin mahauta sayen ƙashi da kayan ciki. Inna Kulu da ta haife ka, shekara nawa tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a gidan nan? Yau wa ke aika ya saya? Mata sun ce ba sa cin abin da aka soya kare na leƙe. Ka tashi kafa sana'arka, ka kashe tata."

Sada ya ɗago da sauri. "Ita ta faɗa miki?"

"Ba za ta faɗa ba, uwa ce. A bakin rijiya na ji."

Ba ta tsaya nan ba.

"Ni ma ina kiwo. Akuyar da na sayar da Sallah, a hannuna aka haife ta, da tsumma na riƙa ba ta madara da uwarta ta mutu. Ranar da aka ja ta kasuwa ban iya cin abinci ba. Amma na sayar, don na san kiwo nake yi, ba reno ba. Kai har yau ba ka bambance ba."

"Kina so in rabu da su ke nan."

"Ina so ka zama abin da ka ce kai ne. Baba ya ba Alhaji Maiwada lokaci, da an rufe kasuwar auduga magana ta ƙare."

Kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Wallahi Barakatu, in na rasa ki ban san inda zan sa kaina ba. Amma ki fahimce ni. Lokacin da nake Funtuwa ba ni da kowa, Kyalla ce ke jirana a ƙofar ɗaki. Zazzaɓi ya taɓa kwantar da ni, ba wanda ya leƙo ni, ita ta kwanta a bakin ƙofa ta ƙi cin abinci har na tashi. 'Ya'yanta in na dube su..."

Ya kasa ƙarasawa. Ita ma ta ja gefen mayafi ta share ido.

"Na sani. Wannan zuciyar taka ita na gani na ce kai nake so. Amma ba da tausayi kaɗai ake riƙe gida ba."

Sai ga Tsohuwa ta leƙo da sandarta.

"Angon karnuka, ka sa mini jika kuka ko? Gobe da hantsi ina nan tafe gidanku. Zan gaishe da Kulu, in ga kishiyoyin nawa da idona. In na ga abin da za a iya gyarawa, ni zan san yadda zan yi da Shitu."

Sada ya yi godiya har ƙasa. Ya hau keke yana jin kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

Bai tuna cewa gara ta cinye gindin dangar nan tun damina ba.

* * *

Da hantsi Tsohuwa ta iso, da ɗan ƙullin daddawa da ta kawo wa Kulu. Sada ya share tsakar gida tas, ya yayyafa ruwa, ya kora karnukan duka bayan danga ya ɗaure ƙofar da igiya.

Ta yi sallama, Kulu ta amsa daga madafa. Karnukan suka ji baƙuwar murya, suka ji ƙamshin daddawa, suka taso gaba ɗaya suka dafe dangar suna haushi.

Dangar ta kwanta.

Ba cizo suka zo yi ba, wasa ne irin wanda Sada ya saba musu, don bai taɓa hana su tsalle a jikin mutum ba. Babban cikinsu ya ɗora ƙafafunsa a ƙirjin Tsohuwa. Sandarta ta suɓuce, ta tafi da baya ta dafa ƙasa da hannu.

Har zaure an ji ƙarar karyewar ƙashin.

"Innalillahi! Sada, ka kashe ni!" Kulu ta ɗora hannu a ka.

Sada ya daka musu tsawa, Kyalla kaɗai ta ji ta kwanta, sauran suka yi ta zagaye suna kaɗa jela. Kafin ya kore su maƙwabta sun cika gidan. Wani ya ruga kasuwar auduga ya kira Malam Shitu.

Tare da Alhaji Maiwada suka zo, a cikin motarsa, don a gaban sikelinsa labarin ya same su. Alhaji Maiwada ya fito da sauri. Ya cire babbar rigarsa ya shimfiɗa a kujerar baya, aka kwantar da Tsohuwa, ya ce shi zai je Dandume ya ɗauko mai ɗorin da ya sani.

Sada ya durƙusa a gaban Malam Shitu.

"Baba, don girman Allah..."

"Kada ka ƙara ce mini Baba."

Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zagi ciwo.

"Uwata ta tako da ƙafarta don ta rufa maka asiri, ka sakar mata dabbobi. In na sake ganin kekenka a ƙofar gidana, ni da kai sai gaban alƙali."

Motar ta tashi. Ta bar Sada a durƙushe, gurgun karen nan yana lasar masa dunduniya.

* * *

An ɗora hannun Tsohuwa, aka ɗaure shi da karare. Barakatu ke jinyarta. Kullum Alhaji Maiwada sai ya aiko da nama da madara, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya yaba masa.

Ana cikin haka labari ya iso cewa Sada zai rabu da karnukan duka. Alhaji Maiwada ya ce zai saye su gaba ɗaya, har uwar, ya kai su gadin ma'ajiyarsa ta Funtuwa, da daraja mai kyau. Mutane suka ce ka ga dattijo, yana taimakon abokin takararsa.

Barakatu ta ji, ta ajiye kwanon kunun da take ba Tsohuwa.

"Har Kyalla?"

"Haka aka ce," in ji Tsohuwa. Ta dube ta da gefen ido. "Me kika hango?"

"Tsohuwa, in mutum ya sayi kaza da ƙwanta, me ya bar wa mai ita?"

Tsohuwa ta yi dariya har hannun ya motsa ta cije baki.

"Aika a kira mini Sada. Shitu yana kasuwa sai azahar. Cewa ya yi kada ya ga keke a ƙofa, to ya zo da ƙafa. Ni aka karya, ni ke da ikon a zo a gaishe ni."

Sada ya shigo kamar wanda ya tashi daga ciwo. Ya zube a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da kowa.

"Iya, ki yafe mini. Da hannuna ne ya karye da ya fi mini sauƙi."

"Na yafe. Amma ka sani, ba karen ne ya karya ni ba, kai ne. Dabba ba ta san tsohuwa ba. Wanda ya ajiye ƙarti irin waɗannan bayan ruɓaɓɓen kara, shi ke da laifi."

"Gaskiya ne. Shi ya sa na yanke shawara. Jibi Alhaji zai turo mota a kwashe su. Na haƙura da sana'ar."

"Sai ka koma me?" Barakatu ta tambaya.

"Noma."

"Gonarka ɗaya, kuma rumbunka ya kusa ƙarewa tun kaka ba ta yi nisa ba. Yau Baba yana cewa ba zai ba Mai Karnuka ba. Jibi in an kwashe su zai ce ba zai ba marar sana'a ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Shi kuwa Alhaji, baɗi war haka Kyalla ta haihu a hannunsa, duk masu kantin Funtuwa wurinsa za su je. Ban ce mugu ba ne. Ɗan kasuwa ne, ya ga abin da kai ka kasa gani a cikin gidanka."

Sada ya ɗago ya dube ta, baki buɗe.

"To ya zan yi? In na riƙe su na rasa ki, in na sayar na rasa ki."

"Wa ya ce sai ɗayan biyu? Ka raba gida da sana'a. Gonarka ta hanyar Ƙarfi ba kowa kusa. Ka gina musu katangar ƙasa a can, ba kara ba, da ƙofa mai sakata. Kyalla ta koma can. Ko malamai sun ce ba laifi a ajiye kare don gadin gona. Manyan 'ya'yan nan kuwa ka sayar da su duka, ga Jimoh, ga mutanen Ƙarfi, ga duk wanda zai ba su abinci bai zalunce su ba. Sarƙa da rana ba zalunci ba ne. Da ka ɗaure naka, da hannun Tsohuwa lafiya lau yake."

Maganar ta soke shi, ya runtse ido.

"Har mai jan kunnen?"

"Shi za ka fara sayarwa."

Hawaye suka zubo masa. Ita ma nata suka zubo, amma ba ta sassauta ba.

"Malam Sada, ni na yi aure na ga yadda gida ke tsayawa da yadda yake faɗuwa. Zan tsaya maka a gaban Baba, zan tsaya maka a gaban duk garin nan. Amma ba zan tsaya wa mutumin da ya kasa tsaya wa kansa ba. Ka zaɓa."

Sada ya gyaɗa kai. Sannan ya share fuska da hannun riga ya miƙe.

"Iya, a yi mini addu'a. Daga nan wurin magina zan wuce."

* * *

Bai jira magina su gama shiri ba. Shi ya haƙa ƙasa, shi ya kwaɓa, shi ya yi ta jidar ruwa daga rafi har kafaɗunsa suka saluɓe. Masu wucewa zuwa Ƙarfi suna tsayawa suna dariya, wai Mai Karnuka yana gina wa amarensa ɗaki. Shi dai ya ci gaba da aikinsa.

Da motar Alhaji Maiwada ta zo, ya tari direban da ladabi.

"Ka gaishe da Alhaji, ka ce na gode. In yana son ɗaya ko biyu cikin 'ya'yan don ma'ajiyarsa, ga su. Uwar dai ba ta sayarwa ba ce."

Motar ta koma ba komai a bayanta.

Ranar kasuwar Funtuwa ya sa wa mai jan kunnen igiya, suka shiga motar 'yan kasuwa. Jimoh yana cikin kantinsa yana auna wa wata mata yadi. Bayarabe ne, amma a Funtuwa aka haife shi, Hausarsa ba ta da gargada.

"A'a, Malam Sada! Yau ka yarda da sarƙar tawa?"

"Na yarda. Amma ka ɗaure shi a inuwa, kada ruwa ya yanke masa. Kuma kada ka bar yara su tsokane shi. In ya ƙi cin abinci ka aiko mini, zan zo."

"Ka kwantar da hankalinka. Matata Kudirat ta fi ni son dabba. Kuma Hyacinth mai kayan keke ya ce in ka zo in tura ka wurinsa, shi ma yana so."

Aka yi ciniki. Sada ya miƙa igiyar, ya juya. Karen ya yi tsalle zai bi shi, igiyar ta tsayar da shi, ya fara wani irin kuka siriri.

Sada bai waiwaya ba. Ya bi ta layin masu goro, ya wuce masu tukwane, yana jin kukan har ya kai tasha. Can ya samu bayan wata mota ya tsuguna, ya rufe fuska da hula.

Da ya tashi, wurin Hyacinth ya nufa.

Kafin auduga ta ƙare a gonaki, 'ya'yan Kyalla duk sun watse: Funtuwa, Ƙarfi, har wani makiyayi daga Musawa ya zo ya ɗauki biyu. Gurgun kaɗai ba wanda ya taya, sai ya bar shi a gona ya zama abokin zaman Kyalla. Ya kankare tsakar gidansu, ya zuba sabuwar ƙasa, aka yi daɓe. Kulu ta wanke tukwanenta ta hura wuta. Ranar farko ba wanda ya aiko. Rana ta biyu Ladi maƙwabciya ta leƙo da kwalbarta, ta ce ita dai ta zo ganin ko gaskiya ne.

Duk wannan Malam Shitu yana ji a bakin mutane.

* * *

Ranar da aka rufe kasuwar auduga, da hantsi, wasu mata biyu suka yi sallama a gidan Malam Shitu ɗauke da fanteka. Suka ajiye a tsakar gida suka buɗe: turamen atamfa, sabulu, turare, ga goro fari ƙal a cikin ganye. Suka ce daga Alhaji Maiwada, yayarsa ce ta aiko su, a ba Barakatu. Suka sha ruwa suka tafi.

Malam Shitu ya sa aka kira ta. Tsohuwa tana zaune a gefe, hannunta rataye a wuya da ɗankwali.

"Lokacin da na ɗiba ya cika," in ji shi. "Ga kayan mutumin da ya ɗauki kakarki a motarsa ranar da wancan ya karya ta. Me kika ce?"

Barakatu ta durƙusa.

"Baba, Alhaji ya yi mana alheri, Allah ya saka masa. Amma in na karɓi kayan nan na yaudare shi, don zuciyata ba ta wurinsa."

"Tana wurin wanda ya kusa kashe mini uwa."

"Ya yi kuskure, bai yi musu ba. Ka ce ba za ka kai ni gidan karnuka ba, yau ba kare ko ɗaya a gidan. Ka tambaye ni me ya taɓa sayarwa, na rasa amsa. Yau a tambayi Funtuwa. Baba, abin da ya fi so a duniya ya ɗauka da hannunsa ya miƙa wa wani, saboda ni. Ban san abin da Alhaji zai iya rabuwa da shi saboda ni ba. Na Sada na gani."

"Har gobe Mai Karnuka za a kira shi. 'Ya'yanki kuma 'ya'yan Mai Karnuka."

"Na yarda a kira ni da shi. Ba sata ya yi ba."

Malam Shitu ya juya wurin mahaifiyarsa. "Iya, kina jin ta?"

"Ina ji. Ni da aka karya na yafe, kai da ba a taɓa ba kake ta ɗingishi. Ubanka da ya zo nemana, jimar fata yake yi, ana toshe hanci in ya wuce. Da an bi ta bakin mutane da ba a haife ka ba."

Ya tashi ya fita zaure ba tare da ya ce e ko a'a ba.

Barakatu ta dubi fantekar. Ta mayar da murfin, ta naɗe gammo, ta yafa mayafinta.

"Ina za ki?" in ji Tsohuwa.

"Zan mayar wa yayar Alhaji da hannuna, in ba ta haƙuri. In aka aika wani, za a ce kunya nake ji, gobe a sake kawowa."

"Ubanki yana zaure. In ya ce ki koma fa?"

"In ya ce in koma zan koma, Tsohuwa. Ba zan taka maganarsa ba. Amma sai ya faɗa da bakinsa."

Ta ɗora fantekar a ka. Ta bi ta tsakar gida ta shiga zauren.

Malam Shitu yana zaune a kan buzu, carbi a hannunsa. Ya dubi kayan, ya dube ta. Ta tsaya a gabansa, idanunta cike da hawaye, tana jiran kalma ɗaya.

Ƙafarsa tana miƙe, ta tare bakin ƙofa.

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya daɗe yana kallon waje, inda rana ta haske hanyar da ta ratsa tsakiyar gari.

Sannan a hankali ya janye ƙafar.